Shekarar da Bakina Ya Kasa Addu'a

Ni Bahaushe ne, ɗan Maguzawan kudancin Katsina. A ƙasar Malumfashi aka haife ni, a irin manyan gidajen noman nan da kaka da 'ya'ya da jikoki suke zaune cikin danga ɗaya, rumbuna jere a tsakar gida. Kakana har ya bar duniya bai taɓa shiga masallaci ko majami'a ba. Yana da wurin tsafinsa a gindin wata kuka, kuma duk faɗuwar damina sai an yanka jan zakara a wurin kafin a sa iri a ƙasa. Mahaifina ne ya fara karɓar bishara a gidanmu, ta bakin 'yan Sabon Rai da suke zagaya ƙauyukanmu da ganga da waƙa. Ya sha wuya a hannun 'yan'uwansa, har akwai shekarar da suka ƙi zuwa masa gayya, amma bai ja da baya ba.

Da Littafi Mai Tsarki na koyi karatu. Mahaifiyata ba ta iya karatu ba, don haka in an gama tuwon dare sai ta kunna aci-balbal ta ce in karanta mata Zabura. Tun a lokacin nake jin cewa aikin Ubangiji zan yi. Da na zama saurayi, a wani taron matasa aka yi kira ga waɗanda za su tafi ƙauyukan da babu majami'a, na miƙe. Na shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa, inda ɗalibi yake karatu da safe, ya yi noman abin da zai ci da yamma. Na yi aure ina can. Da muka gama aka aike mu, ni da maiɗakina, wani ƙauye a yammacin Funtua, gefen dajin da ya haɗe da Zamfara da Birnin Gwari.

Mutanen garin sun karɓe mu da mutunci. Yawancinsu Musulmi ne, akwai gidajen Maguzawa kaɗan a bayan gari, da rugagen Fulani. Mai unguwa da kansa ya nuna mana filin da za mu yi ɗaki da wanda za mu noma. Da gayya muka gina majami'ar ƙasa, muka rufa ta da ciyawa, sai daga baya aka samu kwano. Maiɗakina tana koya wa mata da yara karatu da yamma, ni kuma ina bin gidaje da gonaki. Malam suke ce mini, kuma na ji daɗin sunan.

Abin da ya fara cin zuciyata ba tsanani ba ne, lissafi ne. Duk bayan 'yan watanni akwai takardar rahoto da mai bishara yake cikewa: mutum nawa ke zuwa sujada, nawa aka yi wa baftisma, nawa aka samu na baiko. Shekara ta zo ta wuce, adadin bai motsa ba. Yaron da ka koya wa karatu, ka yi masa baftisma a rafi, da zarar gemu ya fara fito masa sai ya tafi ci-rani Kaduna ko Abuja ko Legas, ya kama acaɓa ko dako, daga nan sai labari. Yarinya ta yi aure a wani gari. Wani ya bi na shekara biyu, maganar aure ko gado ta taso, dangi suka matsa masa, ya koma inda ya fito. Kana zubawa ta sama, yana zurarewa ta ƙasa. A wani taron ma'aikata, bayan na karanta rahotona, wani ɗan'uwa ya ce mini a gaban jama'a, "Malam, ko dai gonar ce ta fi cin ranka?" Aka yi dariya. Ni ma na yi murmushi, amma na dawo gida da maganar a ƙirjina, kuma ta daɗe a wurin. Bai san cewa ba don gonar ba da yarana sun kwana da yunwa, domin ikilisiyoyin da suke tallafa mana su ma manoma ne masu neman na yau.

Sai rasuwar 'yarmu. Cikin watan Agusta ne, ruwa ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro ya kama ta. Mun ba ta maganin da muke da shi, da dare jikinta ya rikice, ta fara sanƙarewa. Na ɗauko babur, uwarta ta rungume ta a baya. Da muka iso rafi muka tarar ya cika ya batse, babu hanyar ƙetarewa. A bakin rafin nan muka zauna cikin yayyafi muna jiran ruwa ya janye, ina haska fuskarta da tocila, ina roƙon Allah da duk kalmar da na sani. Kafin asuba ta cika a cinyar uwarta.

Ranar Lahadi na hau bagade na yi wa'azi a kan tashin matattu. Mutane suka yi ta cewa, "Kai, Malam mai bangaskiya ne, ko hawaye bai yi ba." Yabo suke yi, da zuciya ɗaya kuma. Amma yabon nan ya rufe mini ƙofar kuka. A wurinmu, in aka yi rasuwa, mai bishara ne yake ta'azantar da kowa, shi ne mai addu'a, shi ne mai jana'iza. In rasuwar a gidansa aka yi, sai a tsaya ana kallonsa a ga yadda mai bangaskiya yake yi. Ban ga laifin kowa ba, haka muka taso muka tarar. Sai dai ina ganin wannan al'ada tana karya ma'aikata da yawa a ɓoye, domin Ubangijinmu da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru a gaban mutane, bai ɓoye ba.

Na ci gaba da aiki, amma na zama kamar rijiyar da ta ƙafe ana ta jefa mata guga. Ina wa'azi, ina ziyara, ina addu'a wa marasa lafiya, a cikina kuwa babu komai.

A haka matsalar 'yan bindiga ta same mu. Da satar shanu ta fara, ta koma satar mutane, ta koma sa wa gari haraji kafin a bari ya yi noma ko girbi. Akwai daminar da ba ma kwana a ɗaki, da magariba kowa ya ɗauki tabarma da yara ya shiga cikin dawa. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta ji. Mu da muke bakin daji mun san cewa abin da duniya ta ji ranar nan, mu kusan kowane mako muke ganin ƙaraminsa. Ina so a fahimce ni da kyau: mutanen nan ba su tambayar addinin kowa. Liman ya biya kuɗin fansa, dattijon ikilisiya ya biya. Maƙwabtana Musulmi sun binne nasu kamar yadda muka binne namu.

A watan Satumba 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka, don a matse 'yan bindiga. Cikin wannan lokacin suka shigo mana. Da tsakar dare muka ji rurin babura, sai harbi. Babu wayar da za a kira kowa. Sun cinna wa rumbuna wuta, sun kora shanu, sun tasa mutane a gaba, cikinsu har da dattijon ikilisiyarmu, mutumin da ya fara ba ni ruwa ranar da na sauka a garin. Mun kwana kwance cikin kunyar dawa, na danne bakin ƙaramin ɗana da tafin hannuna don kada ya yi kuka. Da gari ya waye muka kama hanya da ƙafa. An sayar da gonaki an karɓo wasu daga cikin waɗanda aka kama. Dattijon bai dawo ba. Waɗanda aka sako suka ce ciwo ya kama shi a daji, a can ya rasu.

A Funtua wani ɗan'uwan maiɗakina ya ba mu ɗaki ɗaya a gidansa da ba a gama ginawa ba. Na shiga kasuwar hatsi ina dako. Littafi Mai Tsarki nawa yana cikin jakar bakko tare da tsummokaran da muka tsira da su, ban ciro shi ba. A nan ne bakina ya mutu. In na durƙusa zan yi addu'a, sai in ji maƙogwarona ya toshe. Ba wai na daina gaskata akwai Allah ba. Na san yana nan, abin da ya fi mini zafi ke nan. Ina ta tambaya a zuci: shekarun nan duka na mene ne? 'Yata tana kabari a garin da ba na iya zuwa, tumakin da aka ba ni kiwo sun watse, dattijona ya mutu a ɗaure, majami'ar da muka gina da hannunmu ta zama wurin kwanan awaki. Barci ya ƙaurace mini. In babur ya wuce da dare sai jikina ya ɗauki rawa. Abu kaɗan sai in daka wa yara tsawa. Ranar Lahadi nakan zauna a bencin ƙarshe a wata majami'ar da ba a san ni ba, in fice kafin a sa albarka. Akwai daren da na roƙi mutuwa, kuma ita ce kaɗai roƙon da ya fita daga zuciyata a watannin nan. Daga baya na rubuta takardar ajiye aiki, na ninke ta na sa a aljihu.

Maiɗakina, wadda a cinyarta yarinyar ta cika, ita ce ta riƙe gidan. Kullum da asuba takan tara yara su yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, ta yi addu'a. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Wata safiya ta ce, "Malam, in ba za ka iya ba, ka zauna tare da mu kawai. Ni zan yi mana." Haka na riƙa zama ina jingine da bango, ba na ko cewa amin. Ashe ta aika wa wani tsohon fasto, malaminmu na makaranta wanda ya yi ritaya a ƙasar Malumfashi. Ya aiko a ce mini yana nemana.

Na tafi da takardar a aljihu, da niyyar in nuna masa kafin in miƙa ta. Na zata zai buɗe mini Littafi ya yi mini faɗa. Da ya gan ni sai ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ɗaga murya ya ce, "Mama, ga ɗanki ya zo, yunwa ta cinye shi." Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Ya zauna yana kallona har na cinye, ya sa aka ƙara. Ya nuna mini ɗaki ya ce in kwanta. Na ce, "Baba, akwai maganar da ta kawo ni." Ya ce, "Maganar ba ta da ƙafa, ba za ta gudu ba." Na yi kwanaki a gidan nan, ci da barci kawai, sai ɗan taya shi ba awaki dusa.

Wata yamma muna zaune a gindin darbejiya ya miƙo mini Littafinsa, ya ce idonsa ya yi rauni, in karanta masa 1 Sarakuna sura 19. Na san labarin, na sha yin wa'azi a kansa. Annabi Iliya ya gudu daga sarauniya Yezebel, ya shiga jeji, ya zauna a gindin wani itace ya ce ya isa haka, Ubangiji ya ɗauki ransa. Ina karantawa muryata ta fara rawa. Baba ya tsayar da ni ya ce, "Me Allah ya fara ce masa?" Na duba. Mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci. Ya ci, ya sha, ya koma barci. Aka sake tashinsa a karo na biyu ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai da ya kai Dutsen Horeb sannan aka tambaye shi abin da yake yi a wurin, kuma aka bar shi ya zazzage ƙorafinsa har sau biyu ba a katse shi ba. Bayan haka ne aka ba shi sabon aiki, aka kuma sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, waɗanda shi bai san da su ba.

Baba ya ce, "Ɗana, faɗa mini naka." A gindin darbejiyar nan na yi kukan 'yata, shekaru bayan an binne ta. Na faɗi abubuwan da nake jin tsoron faɗa wa Allah. Tsohon nan bai gyara mini ko kalma ɗaya ba.

Washegari ya ba ni labarin da aka koya mana a makaranta amma ban taɓa jin nauyinsa ba. A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara cikin ƙasar Sudan, wato yankinmu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham, wanda zazzaɓi ya kwantar, ya koma gida da labarin kaburbura biyu, babu mutum ɗaya da ya tuba. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi, ƙasar Nufawa. Daga wannan aiki na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Baba ya ce, "Da kai ne aka ba takardar rahoto ka cike wa Bingham a 1895, me za ka rubuta?" Ban amsa ba. Bai karɓi takardar da ke aljihuna ba, bai kuma ce in yaga ta ba. Ya ce in riƙe ta har girbi ya wuce, in kuma je in ga likita.

Na je. Aka tarar jinina ya hau sosai, aka ba ni magani, aka ba ni na barci na ɗan lokaci. Wata ma'aikaciyar jinya a ikilisiya ta haɗa ni da taron warkar da raunin zuciya da ake yi wa 'yan gudun hijira, inda na ji wasu maza suna faɗin irin abin da nake ji in babur ya wuce. Ina faɗin wannan a fili domin na san masu bi da yawa da suke ɗaukar shan irin wannan magani rashin bangaskiya ne. Allahn da ya aiko wa Iliya waina da butar ruwa, shi ne ya aiko mini tuwon Mama da ƙwayar likita.

Bayan girbi wata motar kasuwa ta sauke mana buhunan masara. Maƙwabcina Musulmi, wanda bai bar garin ba, shi da 'ya'yansa suka shiga gonata da rana tsaka, a lokacin da shiga gona kasada ce da rai, suka girbe abin da ya rage. Ya aiko direba ya ce a gaya wa Malam amana ce, kuma suna share kabarin yarinya. Na daɗe a tsaye a kan buhunan nan.

Da aka maido da layukan waya, wata rana ina kasuwa wayata ta yi ƙara. Wani yaro ne daga cikin waɗanda suka tafi ci-rani tun da daɗewa, wanda na riga na cire sunansa daga littafin ikilisiya. Yana Mararraba, kusa da Abuja, yana acaɓa. Ya ce su 'yan ƙauyukanmu sukan taru a wani shago ranar Lahadi da yamma, shi yake karanta musu Littafi da karatun da maiɗakina ta koya masa. Ɗaya daga cikinsu mota ta buge shi ya rasu, babu kuɗin kawo gawa gida, gida ma babu kowa. Ga su a maƙabarta an haƙa kabari, ba su san abin da ake faɗa ba. "Malam, ka yi mana addu'a, zan buɗe muryar waya kowa ya ji."

Ba ni da lokacin da zan ce masa na daina. Na raɓe bayan wata motar masara, ƙura a jikina, na toshe kunne ɗaya da yatsa. Ina jin shesshekar samari ta cikin waya. Na buɗe baki, kalmomin Yohanna 11 suka fito, cewa Yesu shi ne tashin matattu, shi ne kuma rai. Na yi addu'a. Na miƙa yaron ga Ubangiji, na roƙa wa uwarsa ta'aziyya, na roƙa wa samarin nan tsaro a kan titi. Da na ce amin na ji muryoyi da yawa sun amsa. Addu'ata ta farko ke nan bayan watanni, kuma a karon farko cikin shekaru na gaskata abin da na faɗa a kan tashin matattu, har game da 'yata.

Ban warke a ranar ba. Komawar a hankali ta zo. Na fara cewa amin a addu'ar asuba, daga baya na karɓi karatu. Na daɗe a cikin Makoki sura 3 da Zabura 42 da 88, domin a can na tarar da mutanen Allah suna faɗa masa baƙin cikinsu ba tare da kwana-kwana ba, kuma an bar maganarsu cikin Littafi. Na ga Bulus ma ya rubuta wa Korantiyawa cewa a Asiya an matsa musu fiye da ƙarfinsu har suka fid da zuciya ga rayuwa. Takardar ajiye aikin ban miƙa ta ba.

Yanzu ina hidima a gefen gari cikin iyalan da suka gudo daga ƙauyuka dabam-dabam. A rumfar kwano muke sujada. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 rayuwa ta ƙara tsanani, baikonmu wani lokaci mudun masara ne da ƙwai. Har yanzu ina cike takardar rahoto, da gaskiya kuma nake cikewa, amma ta daina hana ni barci. Samarin Mararraba suna kirana in sun rasa gane wata aya, na kuma haɗa su da wata majami'ar Hausa da ke kusa da su. Wata-wata mu masu bishara na yankinmu muna haɗuwa a gidan ɗayanmu. Sai an ci abinci kafin a buɗe Littafi, sannan a bi kowa a tambaye shi yadda yake barci da yadda iyalinsa suke. A zaman farko wani da ya girme ni a aiki ya ce shekara da shekaru ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya.

Akwai dararen da har yanzu rurin babur yake tashe ni, kuma watan Agusta yana yi mana nauyi ni da maiɗakina. Na koma ƙauyen da rana na ga an kwashe kwanon majami'a, bango ɗaya ya zube. Gidaje kaɗan sun fara komawa noma, suna kwana a gari su shiga da safe. Sun roƙi in riƙa zuwa ina yi musu sujada, na kuma amsa zan fara bayan girbin bana in hanya ta yi dama. Ina roƙon addu'arku a kan wannan tafiya, da matar dattijonmu da take riƙe da jikoki ita kaɗai, da maƙwabcina da iyalinsa waɗanda har yau suke kwana a bakin dajin.